Ku Yanki Katin Asibiti Tun Kuna da Lafiya

Ƙannena na Wurno da Rabah da Goronyo, a ƙasar nan tamu kuɗi da ciwo ba sa zuwa wata ɗaya. Kuɗi da rani suke shigowa, in an cire albasa da tafarnuwa a fadamar Rima, an yanke alkama da shinkafa a filayen da madatsar ruwan Goronyo ke shayarwa, 'yan cirani kuma sun fara turo abin da suka samo daga Legas da Fatakwal. Ciwo kuwa damina yake jira. Daga Agusta zuwa Oktoba sauro ya cika gari, masassara ta kwantar da yara gida-gida, ruwan sha ya gurɓace, amai da gudawa su biyo baya. A daidai lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin hannu an zuba shi a taki da 'yan ƙwadago, sabon hatsi bai gama shigowa gida ba. Amfanin inshorar lafiya ga irinmu shi ne ta ɗauko kuɗin watan Maris ta kai su watan Satumba, kuma wanda ya fi kowa buƙatar haka shi ne wanda ba ya karɓar albashi.

Na san abin da ke bakin da yawanku: "Yaya, ni da ba ni da aiki, ina ni ina inshora?" To amma ai ba zaune kuke ba. Wani na kabu-kabu, wani na ban-ruwa a gonar kawunsa, wani na lodin buhu a kasuwar Achida, wani ya kafa rumfar cajin waya, wata na ɗinki, wata na suyar awara a ƙofar gida. Kuɗi na ratsa hannunku, sai dai ba su da ranar zuwa, kuma ba sa kwana. Ma'aikacin gwamnati in ya kwanta wata guda, albashinsa na nan na shigowa. Kai kuwa ranar da ka kwanta, ranar samu ya tsaya, kashewa ta fara. Asara biyu ke hawa kanka lokaci guda.

Kun sha ganin yadda abin ke tafiya. Naƙuda ta yi wa matar yayanka tsawo, ungozoma ta fito ta ce wannan ta fi ƙarfinta. Dare ya yi, a nemo mai mota, shi kuma ya ce sai an ba shi kuɗin mai kafin ya tayar. A isa asibiti, a miƙo wata 'yar takarda mai rubutun da ba wanda zai iya karantawa a cikinku: safar hannu, ruwa leda kaza, allurai, zare, jini leda biyu. Daga nan sai waya ta fara zagaye dangi. Wanda ke Legas ya turo abin da ya sawwaƙa, a tashi mai POS daga barci, shi ma ya cire nasa. Kafin hantsi dillali ya iso bakin rudu, ya taya albasar da aka yi niyyar ajewa sai ƙarshen shekara in ta yi daraja, ya kuma san ba ku da bakin ja. In hakan bai isa ba a shiga garke, a fitar da tunkiyar inna. In bai isa ba a koma kan mashin ɗin da ke ciyar da gida, daga nan sai jinginar gona. Mai jego za ta dawo gida da jaririnta in Allah ya yarda, a yi suna, a yi barka, amma gidan zai shekara biyu bai miƙe ba.

Ba ku kaɗai ba ne. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa, a bakin tagar biya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin magani da na mota suka ƙara yin sama. Shi ya sa mutum zai gwammace ya tsaya kemis a haɗa masa na ɗari biyar, ya sha, ya ji dama-dama, ciwon na ci ta ciki.

Ba laifinku ba ne da kuka ɗauka inshora ta ma'aikata ce, don haka ta fara. Dokar farko ta inshorar lafiya ta ƙasa a 1999 aka yi ta, shirin ya fara aiki a 2005 zamanin Obasanjo, kuma shekara da shekaru kusan ma'aikatan gwamnatin tarayya kaɗai ke cin moriyarsa, tunda ta hanyar albashi aka tsara shi. Abubuwa uku suka sauya lissafin. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ma'aikatan asibiti ke kira BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. Sannan jihohi suka kafa nasu hukumomin. Tamu ita ce SOCHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Sakkwato, wadda aka kafa zamanin gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Na uku, a watan Mayun 2022 shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta mai da tsohon shirin hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman don marasa galihu. Wajabcin dai har yanzu a takarda yake, ba wanda zai tare ka a hanyar Gandi ya ce nuna kati. Amma hanyoyin shiga sun buɗe ga wanda ba ya kan takardar albashin kowa.

Hanya ta farko ba a biyan ko kwabo. Kusan rabin kuɗin wancan asusu na tarayya, BHCPF, ana bi da shi ta hukumomin jihohi ne don a biya wa marasa ƙarfi kuɗin inshora, kuma an tsara cewa kowace mazaɓa ta sami asibiti guda da ke cikin shirin. Jiharmu na da mazaɓu 244. Saboda haka ko kana Dinawa, ko Rara, ko Shinaka, tambayarka ta farko ita ce: wane asibiti ne na shirin a mazaɓata?

A nan zan gaya muku gaskiya, don kada ku je ku dawo kuna zagin gwamnati a majalisa. Guraben kaɗan ne, mabuƙata sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma doka ta ambaci waɗanda ke gaba: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, da matalautan da ba su da mai ɗauke musu. Saurayi majiyi ƙarfi, ko da shekara uku ya yi yana yawo da takardun makaranta, ba shi ne a gaban layi ba. To sai me? Ka tuna ciwon da ke cinye kuɗinka galibi ba naka ba ne. Hawan jinin inna ne, masassarar ƙaramin ƙanenka ce, awon matarka ne, ƙafar kaka ce. In ka yi ɗawainiya sunan waɗannan ya shiga, ka sauke fiye da rabin kayan da ke kanka tun ba ka yanki naka katin ba. Wannan aiki ne na mai ƙafa da waya da ɗan karatu, wato kai.

Yadda ake bi ba ɓoyayye ba ne, naci kawai yake so. Ka fara da lambar NIN ta kowa a gida, har yara, don kusan duk wata rajista ta gwamnati yanzu da ita ake farawa, kuma ranar da masu rajista suka sauka gari ba za su jira ka je ka yo ta ba. Ka duba sunan da ke kan takardar ya zama iri ɗaya ko'ina. Hauwa'u a nan, Kulu a can, ya isa ya hana tsohuwa magani. Ka je wurin shugaban asibitin mazaɓarku da safe kafin layi ya yi tsawo, ka gaishe shi, ka tambaye shi yaushe aka yi rajista ta ƙarshe, yaushe ake sa ran wata. Kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gabanta da ke sa ido kan asibiti. Ka san shugabansa, ka san matar da ke wakiltar mata a ciki. Ka sanar da mai unguwa da hakimi halin da gidanku ke ciki, domin in an zo tantance marasa galihu su ake tambaya, kuma akwai rajistar marasa galihu ta ƙasa da ake yawan ɗauko sunaye daga cikinta. Waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu, kamar mutanen Tabanni da suka kwararo Gandi a 2018 da waɗanda suka biyo bayansu a wasu wuraren, su suka fi cancanta, su ne kuma aka fi tsallakewa, saboda sun bar mazaɓarsu, takardunsu sun ƙone ko sun ɓace. In kana da irinsu a unguwarku ka ja su ku tafi tare.

Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya sa sunanka a wannan jerin, ɓarawo ne, ko da rigar ma'aikata ya zo.

Hanya ta biyu ita ce ka biya da kanka, kuma a nan nake so mu daɗe. SOCHEMA na da tsarin masu sana'ar hannu da manoma da 'yan kasuwa, inda mutum ke biyan kuɗin shekara a ba shi kati. Hukumar tarayya ma tana da nata, GIFSHIP, da aka ƙaddamar a 2020 don ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi. Da aka fara shi naira 15,000 ne kan kowane mutum a shekara ga ƙungiyar da ta kai mutum goma, amma ya tashi sosai tun daga lokacin, kamar komai. Farashin yau a ofishinsu na Sakkwato za ka ji shi, ba a bakin mai shayi ba. Ka ji na jiha, ka ji na tarayya, ka auna. Kamfanonin inshora masu zaman kansu da kuke gani a Facebook kuwa, yawancin asibitocinsu a manyan birane suke, kuɗinsu kuma na masu albashi ne. Katin da sai ka je Abuja zai yi aiki ba shi da amfani ga mutumin Takakume.

Mu ɗauka, don lissafi kawai, kuɗin shekara naira 18,000 ne. In ka raba, naira 1,500 ke nan a wata, naira 50 a rana. Masu wayar da kai suna son wannan lissafin, su ce ai ko shayi ba ta saye. Gaskiya ne, amma ni ban yarda da shi ba, don na san yadda hamsin-hamsin ke ƙarewa: ranar suna a ɗauka, ranar da taya ta fashe a ɗauka, kafin wata uku asusun ya zama gwangwani. Wanda samunsa a dunƙule yake zuwa, a dunƙule ya kamata ya biya. Ranar da ka karɓi kuɗin albasa, ko ka sauka daga motar cirani, ko ka yi kwasar adashi, kafin ka shiga kasuwa neman sabuwar waya ko shaddar sallah, ka cire kuɗin kati. Akwai wata riba a haka da ba a cika lura da ita ba. Katin shekara guda yake yi, don haka in ka yanka lokacin da kake da kuɗi, zai ƙare ne a daidai lokacin da kuɗi suka sake zagayowa. Wanda ya yanka a tsakiyar damina don tsoro ya kama shi, baɗi a tsakiyar damina za a ce ya sabunta, hannunsa wayam.

Kuma kada ka jira sai ciwo ya zo. Waɗannan tsare-tsare suna da lokacin jira tsakanin ranar biya da ranar da kati zai fara aiki, makonni ne, wani lokaci watanni. An yi haka ne don kada kowa ya zauna sai an ce za a yi masa tiyata sannan ya rugo da kuɗin shekara guda ya kwashi na mutum hamsin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku shiga a ƙungiyance in da hali. Kuna da ƙungiyoyin tun tuni: ta 'yan kabu-kabu, ta manoman albasa, ta masu ban-ruwa, ta ɗaliban da kuka gama sakandare tare, ta matan da ke zubi duk Juma'a. Mutum ɗaya in ya je ofis, fom za a ba shi a ce ya dawo. Mutum arba'in in suka aiko shugabansu da sakatare da jerin sunaye, ana iya turo musu ma'aikaci har gida. Ranar da kuma asibiti ya yi wa ɗayanku wasa, ba shi kaɗai zai yi magana ba. Sai dai ku yi hattara da kuɗin taro. A biya ta banki cikin asusun hukuma, a karɓi rasit, a ɗauki hotonsa a tura wa kowa a waya. Kada a tara kuɗin mutum arba'in a aljihun mutum ɗaya ya kwana da su, ko da limamin unguwa ne. Ba zargi ba ne, sauƙaƙa masa ne.

Kafin ka sa hannu, ka fahimci yadda kuɗin ke tafiya, don shi zai ba ka bakin magana. Za a ce ka zaɓi asibiti guda. Daga ranar, hukuma na biyan wannan asibitin wani ƙayyadadden kuɗi a kan sunanka kowane wata, ko ka je ko ba ka je ba. Saboda haka in ka shiga da katinka ba alfarma ka zo nema ba, an riga an biya. Zaɓin asibitin kuwa ya fi komai muhimmanci, kuma a nan ne samari ke kuskure, su zaɓi babban suna a birni. Ka zaɓi wanda za ka iya kaiwa da ƙarfe biyun dare a cikin Agusta, in gulbi ya kawo, hanya ta yanke, ko ta zama wadda ba a bi bayan magariba. Ka je ka gani da idonka tukuna. Akwai mai kwana? Suna gwajin jini a nan, ko sai an tura ka waje? Ɗakin magani da kaya a ciki, ko kwalaye ne? In ciwo ya fi ƙarfinsu, su za su rubuta maka takardar turawa zuwa babban asibitin Wurno ko na Rabah ko na Goronyo, daga can kuma zuwa asibitin ƙwararru ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wanda ya tsallake wannan tsani ya kai kansa birni ba takarda, in ba gaggawa ba ce, daga aljihunsa zai biya. Ka tambaya kuma ko akwai abin da za ka riƙa cikawa, don a wasu tsare-tsaren mai kati na biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Ɗan cirani ya ƙara tambaya guda: in ciwo ya same ni a Ibadan, katin nan zai yi aiki? Katin jiha galibi a cikin jiha yake aiki.

Akwai wasunku da suka taɓa zama cikin inshora suka fita ba su sani ba. Ɗan ma'aikaci yana ƙarƙashin katin mahaifinsa ne har ya cika shekara 18. Tsarin tarayya mata ɗaya da 'ya'ya huɗu yake ɗauka, saura sai an biya musu daban, abin da gidajenmu masu mata biyu da uku suka sani sarai. Ɗalibin jami'a ko kwaleji yakan biya kuɗin inshorar ɗalibai a cikin kuɗin rajista, da yawa ma har su gama ba su taɓa amfani da ita ba. Masu bautar ƙasa an sa su cikin shirin tun 2022. Duk waɗannan suna yankewa ranar da ka fita. Mai hankali zai cire kuɗin katin shekara guda daga alawus ɗinsa na ƙarshe, tun kafin ya dawo gida ya fara zaman jiran aiki.

Sai maganar da wasu ke yi a ƙasa-ƙasa, cewa inshora caca ce, ko rashin tawakkali. Malamai sun daɗe da rarrabe abu biyu. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke sayar da alkawari don riba, akwai garari a cikinta, amma ta taimakekeniya, inda jama'a ke zuba gudummawa don ɗauke wa wanda abu ya sama, ta halatta. A kan wannan tubali na biyu jihohinmu, Sakkwato da Kano da sauransu, suka gina nasu. Asalinsa ma tsoho ne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'arawa saboda in abinci ya yi musu ƙaranci sukan tattara abin da kowa ke da shi wuri guda su raba daidai. Mu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke kwance a garinmu na Wurno tun 1837, mutumin da bayan mulki da jihadi ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, ba mu ne za a koya wa cewa neman lafiya da shiri dominta ba sa karo da dogaro ga Allah ba.

Wanda ya fi masu wannan magana yawa shi ne mai cewa, "Na biya bara, ko ciwon kai ban yi ba, kuɗina sun tafi a banza." Wannan adashi ne da ba wanda ke fatan kwasarsa ta zo. Ka yi hamdala, kuɗinka sun yi wa ɗiyar wani ƙarin jini. Kuma in masu lafiya irinku suka janye aka bar marasa lafiya kaɗai, asusun rushewa zai yi. Ruwanda ta kai ga shigar da mafi yawan mutanenta cikin inshora ne da irin wannan asusun na ƙauye-ƙauye, kuma ba ta fi mu arziki ba.

Kati ba ya ɗaukar komai da komai. Manyan cututtuka irin su kansa da wankin ƙoda, ko dai ba sa ciki ko kuma wani yanki kawai ake ɗauka. Ba ya biyan kuɗin mota, ba ya ciyar da mai jinya, ba ya mayar maka da kwanakin da ba ka fita nema ba. Don haka ƙungiyar da ta yi dabara za ta aje wani ɗan asusu daban na mai da abinci, ta kuma yi magana da direba ɗaya ko biyu a gari waɗanda za su tashi da dare a biya su daga baya. Ka san kuma abubuwan da kyauta suke ko ba ka da kati, don kada a sayar maka da abin da aka riga aka biya: rigakafin yara, gwaji da maganin tarin fuka, maganin cutar HIV, da maganin kariya daga masassara da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa shekara biyar duk wata a lokacin damina. Asibitin Noma da ke Sakkwato kyauta yake yi wa yaran da ciwon noma ya ci wa fuska aiki. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Ka tambayi wanne ne mafi kusa da ku tun cikin na wata huɗu. In kuma abu ya faru ba kati ba kuɗi, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha tana taimaka wa marasa lafiya mabuƙata. Haƙƙinsu ne, ba abin kunya ba.

Ranar da za ka fara amfani da katin, kada ka yi mamaki in an ce maka maganin ya ƙare, ka je waje ka saya. Yana faruwa, wani lokaci don kuɗin hukuma sun makara, wani lokaci don wani ya ga kamar ba ka san komai ba. Kada ka yi faɗa da ma'aikaciyar da ke taga, ita ma aiko ta aka yi. Ka nemi ganin jami'in da ke kula da masu kati, ka roƙa a rubuta maka a takarda cewa babu, ka aje rasit ɗin abin da ka saya, ka rubuta rana. Ka kai wa shugaban kwamitin mazaɓa, ka kira lambar ƙorafin hukuma, wadda ya kamata ka karɓa tun ranar rajista. In abin ya zama ɗabi'a, kana da damar neman a sauya maka asibiti, kuɗin da ake biya a kan sunanka su bi ka. Asibitin da ƙungiya guda ta janye masa mutum arba'in zai ji a jikinsa.

Ke kuma ƙanwata, kada ki bar wannan magana a hannun maza. Ki yi NIN ɗinki tun kina gidanku, ki san inda takardarki take. In kina da sana'a, katinki na cikin abin da ribarki za ta fara saya, kafin kwanuka. In kin yi aure kin sami ciki, ki fara awo da wuri, domin a wurin awo ne ake sanin masu juna biyun da za a sa a jerin kyauta, a nan ne kuma ake gano hawan jini da ƙarancin jini tun ba su zama abin tashin dare ba.

Kai kuma mai shirin tafiya cirani bayan kaka, katin matarka da na yara a hannunta za ka bar su, kada su bi ka Legas a cikin walat. Ka kira mahaifiyarka da ƙanenka, ka faɗa a gabansu cewa ka ba ta izinin zuwa asibiti duk lokacin da ta ga alama, dare ko rana, ba sai an same ka a waya ba. Ka rubuta mata lambar direban da kuka yi magana da shi a bayan katin awo, ka bar kuɗin mai a wurin wanda ba zai taɓa su ba.